Lekwal Biyu da Kukan Jirgin Parakou

Maigidana, inuwar da nake fakewa, ruwan sanyina a tsakar rana, Baban Latifatou,

Ina gaishe ka da zuciyar da ta cika ta batse kamar tafkin Dantokpa a damina. Ka ce aikin auduga a Parakou na kaka ɗaya ne. Kaka ta wuce, wata ta bi bayanta! Haka mutumin kirki yake yi da alkawari? Ba faɗa nake yi ba, ko da yake ka cancanci faɗan.

Latifatou ta isa shiga lekwal, makarantar ƙananan yara. Na je na duba guda biyu na gwamnati da idona, don ni ba na yarda da ji-ta-ji-ta. Ta unguwar Vêdoko tana da tabarmi masu tsabta da randar ruwa mai murfi, malamar kuma tana duba farcen kowane yaro kafin ya shiga. Ka tuna wannan lekwal? Ranar da ruwa ya tsare mu a kan mobilet, ɗan babur ɗin nan naka, ina da cikin yarinyar nan, muka fake a ƙarƙashin mangwaron ƙofarta. Ka cire hularka ka ɗora mini a kan ɗankwali, ka ce kai da kanka za ka riƙa kawo abin da zan haifa nan kowace safiya. Wayyo, ƙanshin ƙasar ranar har yau yana hancina!

Ta nan Zongo kuwa, kusa da layin dogo, yara sun cunkushe kamar kifi a kwando. Rufin yana yoyo. Tun da aka yi babban taron siyasa na ƙasa kowa bakinsa ya buɗe, amma babu wanda ya ɗauki tsintsiya ya share farfajiyar. Uwa mai hankali ba ta kai ɗiyarta can.

To, can na kai ta. Ni da nake yi wa matan unguwa wa'azin tarbiyya! Wa zai kai ta Vêdoko? Ba zan ɗora ɗiyarka a bayan ɗan zemijan, mai hayar babur da ban san ubansa ba, mobilet ɗinka kuwa tana zaure a lulluɓe da buhu. Kuma kada in yi maka ƙarya: daga ƙofar lekwal ta Zongo ana jin kukan jirgin ƙasan Parakou. In ya yi kuka, Latifatou takan saki hannuna ta juya. Nakan tsawata mata, alhali ni na riga ta juyawa.

Ka dawo, farin watana. Malamar Vêdoko ta ce za ta riƙe wa Latifatou wuri har ƙarshen Oktoba. Nakan goge mobilet ɗin duk Juma'a, tayoyin ne dai suka sace.

Taka, wadda ba ta da wani sai kai har ranar da za a rufe ta da ƙasa,
Saoudatou