Kyandir Mai Ciwon Daji

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya 'yata Sarkin Surutu? Na san ta cika muku kunne. Allah Ya saka miki da wannan riƙo da kike mata.

Kin ce har yau ba ki gane aikin da ya raba ni da ita ba. Wani zaren gilashi ne, siriri kamar gashi, wanda hasken da ido ba ya gani ke bi ta cikinsa. In na ɗora bakinsa a kan ɗan yankin tsokar mutum, hasken ya dawo, kwamfuta ta faɗi ko akwai ciwon daji. Ga shi da shagwaɓa, ki ɗan lanƙwasa shi ya karye. Bayana ya ƙage, idanuna kamar an zuba barkono.

Amma ya fara aiki! Duk tsoka mai ciwo da aka kawo sai ya nuna ta. Farfesa, da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, ya ce in rubuta sakamako in tafi gida. Ki gaya wa yarinyar ina nan tafe.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Ya jikin maigidan? Ni lafiya lau, sai dai gajiya.

Ban san ta inda zan fara ba. Tsoka mai ciwo daga ma'ajiyar asibiti ake kawo mana ita, a daskare cikin kakin kyandir, mu wanke. Mai lafiya kuwa daga firiji take zuwa, ba ta taɓa ganin kaki ba. Kowa ya sani, ba wanda ya kawo komai a ransa. Shekaranjiya ina kwashe kayana na ga guntun kyandir a aljihun tebur, don wasa na ɗora masa zaren. Yaya, kwamfuta ta ce kyandir na da ciwon daji. Ashe duk watannin nan ragowar kakin da ke jikin tsokar nake aunawa, ba ciwo ba.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan na yi kuka. Ni kaɗai ce a ɗakin. Da na mayar da kyandir ɗin aljihun tebur na rufe, da yanzu ina hanya, kuma wallahi sai da na rufe ɗin. Sai na tuna wata rana a jikin 'yar wani za a ɗora zaren nan.

Jiya na gaya wa Farfesa. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce to, sai mu koma farko. Ban tambaye shi sai yaushe zan tafi gida ba, shi ma bai faɗa ba.

Na gaji, Yaya, har cikin ƙashina. Kada ki ƙara faɗa wa yarinyar ranar dawowata. Kuma ran nan a waya na ji ta ce miki Mama, kika yi sauri kina gyara mata don kada in ji. Na ji. Ki bar ta ta kira.

Ƙanwarki,
Auta