Na Ɗauka Yabo Ne, Ashe 'Yar Aiki Ya Kira Ni

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce, ban yi karatu ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini, ina faɗa ina kuka. Don Allah ku ba ni shawara.

Daga Najeriya rikici ya koro mu, a hanya Malam mijina ya rasu, na iso Garwa da yaro guda, ɗan farina, sai tsummokaran jikinmu. Da suyar ƙosai na riƙe shi a unguwar Rumde Ajiya har ya gama makaranta. Shi ya iya Fillanci da Faransanci kamar a nan aka binne cibiyarsa, ni kuwa abin da na tsinta bai wuce gaisuwa ba, sai "bon" da masu sayen ƙosai ke cewa in ya yi musu daɗi.

Ya samu aiki, ya nemi 'yar wani babban ɗan kasuwa, bai taɓa kai ni gidansu ba, wai nan ba haka ake yi ba, na yarda. Ranar da dangin yarinyar suka zo ganin ɗaki na kawo musu ruwa, gwaggonta ta tambaye shi wani abu da Faransanci, ya nuna ni ya ce "labon". Wallahi daɗi na ji, na ɗauka cewa yake ni mutuniyar kirki ce, har na washe baki ina ce musu bon, bon. Da na ba Marta mai wake labari a kasuwa ina alfahari, sai ta saki mudu ta dafe ƙirji, ta ce Inna, ai 'yar aiki ya kira ki.

Na tambaye shi, bai musa ba. Wai in suka ji mu 'yan gudun hijira ne ba za su ba shi ba, shi ya sa ya ce musu shi maraya ne daga Maruwa, in yi haƙuri. Har da cewa ai ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ce masa ɗana a gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari da na gada wurin uwata, da ita ya yanka ni.

Biki ya matso, har dangin yarinyar sun aiko mini da zanen da aka raba wa masu wanke-wanke. In na buɗe baki auren ya lalace, ƙila in rasa shi, kuma shi kaɗai gare ni. In na yi shiru, jikokina za su tashi suna aikena. 'Yan uwa, in ɗaura zanen nan, ko in je in faɗa musu ni na haife shi?