Dabinon Chaïbou ya fi ƙarfin sikeli

Baba Barka, don Allah ka taimake ni da shawara kafin ayarinmu ya tashi. Ni direban babbar mota ne, ɗan Nijar, ina zaune a unguwar Hajara a Sabha tun lokacin da aka buɗe wa 'yan Afirka ƙofar Libiya. Taliya da man girki nake kaiwa Agadas a motar maigidana Mahmoud.

Bana aka kafa sikeli a bakin gari, duk motar da ta wuce kima sai 'yan sanda su sa a sauke rarar a gefen hanya. Abokan aikina suna ta tsine wa sikelin, ni kuwa wallahi daɗinsa nake ji. Da can mukan lafta kaya har motar ta riƙa tafiya kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu, taya ta fashe, mu wuni muna tonon rairayi. Yanzu ina zuwa lafiya, ina dawowa lafiya. Matata Asmaou har cewa take na yi ƙiba.

To ga inda gizo ke saƙar. Ka san al'adarmu, direba ba ya ƙin saƙon ɗan'uwa. Chaïbou, wanda ya saukar da ni a ɗakinsa ranar da na shigo garin nan ban san kowa ba, yana aikin gona a Zighan, wani ƙauye nan kusa da Sabha. Zai aurar da 'yarsa Hindatou a Agadas, mai gonar kuma bai sake shi ba saboda kakar dabino. Sai ya aiko mini da buhunan dabinon biki, manya-manya, da saƙon cewa hannuna kaɗai ya yarda ya kai su gidansa. Mahmoud kuwa ya riga ya cika motar daidai kima, ya ce ko kwali ɗaya ba za a rage ba. Ban ga laifinsa ba, mutumin kirki ne, kayan ma na mutane ne. Asmaou ta ce in ɗora kawai, Allah zai rufa asiri. Ita ba ta taɓa ganin dabino a zube cikin rana a gindin sikeli ba.

In na ɗauka, a sauke. In na mayar, da wane ido zan kalli Chaïbou? Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Direba mai jin kunya, Sabha

*

Ɗana direba, na gaishe ka da hanya. Ka fara cire batun ɗorawa a ɓoye daga ranka. Uwargida ta faɗa ne don ƙauna, amma sikeli bai san zumunci ba, kuma in aka sauke buhunan, Chaïbou ya yi biyu babu, kai ma ka zubar da yardar maigidanka. Mahmoud yana kan gaskiyarsa, kada ka matsa masa.

Shi ma Chaïbou bai yi rashin hankali ba. Ya saba da zamanin da mota ba ta cika, kuma wanda ya ba ka wurin kwana yana da hakkin ya aike ka.

Kai da bakinka ka ce ayari kuke tafiya. Ka bi direbobin tun yau, ka nemi waɗanda kayansu bai kai kima ba, kowa ya ɗauki buhu guda. Masu zagin sikelin nan su ne za su fi saurin amsawa, don su nuna al'ada ba ta mutu ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. In kun isa Agadas ka tattara buhunan wuri ɗaya.

Amma kada ka aika wa Chaïbou da wannan bayani ta bakin wani. Ka hau mota ka je Zighan, ka zauna, ka sha shayinsa, ka faɗa masa yadda za a yi. Da ya ce hannunka kaɗai, ba bayan motarka yake nufi ba. Uba ne da ba zai ga auren 'yarsa ba, yana neman wanda zai shiga gidan a madadinsa. Saboda haka ka tafi da rigarka mai kyau, ka yi sallama da dabinon da kanka, ka zauna wurin ɗaurin aure har a shafa fatiha, ka dubi yarinyar da kyau don ka sami abin ba ubanta labari.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa albarka a auren Hindatou.

Baba Barka