Injin da aka shanya kan katanga

Assalamu alaikum Yaya,

Ka yi haƙuri da damun ka da zan yi. Ina gajiya, ya jikin Inna, ya yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Yaya, hankalina ba kwance yake ba. Ka san tun da maigidana Baban Hauwa ya bar aikin soja yake ƙera ƙananan injinan jirgin sama da gwangwani da waya, don sha'awa kawai. Ranar Talata ya yi wa ɗaya fenti kalar soja, ya shanya kan katanga. Masu wucewa suka hango wayoyi, suka ce bam ne. 'Yan sintiri suka zo suka tafi da shi da injin. Na rantse musu cikinsa fanko ne, babbansu ya ce mini, “Baba, ki koma ciki.” Har yau Baban Hauwa bai dawo ba.

Sauran injinan suna nan ɗakinsa. Maƙwabta sun ce in ƙone su. To kayan da ba nawa ba? Kuma in na ƙone, ba za a ce gaskiya muke ɓoyewa ba?

A sa mu a addu'a, a gaishe da Inna, amma kada a gaya mata tukuna. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, ba zan taɓa komai ba sai na ji daga gare ka.

Ƙanwarka,
Rabi
Zuru