Ruwa Ya Tsare Ka, Baƙi'a Ta Tsare Ni

Madina, Rajab 1402

Zuwa ga maigidana, Malam Khalilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya kare ka daga zazzaɓin ƙasar can da kake ta fama da shi. Mu nan sai godiya. Zafi ya shigo, dabinon Ƙuba ya fara nauyi. 'Yarka Lami ta yi wayo, amma in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Larabci. Hotonka ne kawai ta sani, kuma ta ɗauka kana zaune ne a cikin bangon ɗaki.

Na karanta labarin Kumuru da ka rubuto, har na karanta wa maƙwabta. Ka ce ƙasar tsibirai ce, babban birninta Moroni yana manne tsakanin teku da wani dutse mai aman wuta. Ka ce daminarku tana zuwa lokacin da muke cikin sanyi, ruwa ya yini yana zuba, amma babu kogi a tsibirinku, domin baƙin dutse yana shanye shi, sai wanda aka tara a tanki. Maƙwabciyarmu Inna Zenabu ta yi dariya, ta ce ashe akwai masu ƙishirwa a tsakiyar ruwa. Kai da ko kwalbati ba ka son tsallakewa, yau ga ka kana koyar da yara teku na jin karatunku! Ka kuma ce ka gaji da zama kamar ɗan kurkuku, duk inda ka nufa ruwa ne ke mayar da kai, don haka in ɗauko Lami mu taho.

Malam, wallahi zuciyata tana can. Amma ka san mahaifina. Baba Idrisa da ƙafa ya taho daga Kano don ya mutu a garin Manzon Allah, a binne shi a Baƙi'a, kuma tun da ƙafafunsa suka riƙe ba ya yarda ya kwana a wajen Madina. Sunan jikansa aka yi a Badr, ya ƙi zuwa, wai kada ajali ya same shi a hanya. Ƙanena Lurwanu kullum yana kan mota, Baba kuwa ba ya cin abincin kowa sai nawa. Kai ruwa ya kewaye ka, ni ga titi ta ko'ina amma ban isa in wuce Ƙuba ba. Na gaji, ba zan ɓoye maka ba.

Ran Juma'a Baba ya ji ina sake karanta takardarka. Ina ba shi kunu sai ya riƙe hannuna, ya ce in rubuta maka ka ƙara haƙuri kaɗan, ya kusa, ba zai daɗe yana tsare mu ba. Na fita tsakar gida na yi kuka har na gode wa Allah.

Ka gaida abokinka Malam Sharfuddeen da iyalinsa. Lurwanu da Inna Zenabu suna gaishe ka, Lami ta sa yatsa a tawada ta danna maka a ƙasa. Don Allah kada ka sake tambayata ranar da zan taho. Ni da kai mun san ko wace rana ce, ni kuwa kowace sallah tsawon rai nake roƙa wa Baba.

Matarka,
Shafa'atu