Sun Rushe Gidan Katako, Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina fatan kana cikin rahamar Allah. Habu ne, daga Riyad.

Baba, sun rushe gidan katako. Ina wurin aiki a unguwar Gubaira, ina goge ƙofar wani Balarabe, Yaya Sale ya turo mini bidiyo: katafila na ture baranda, mutane na tsaye suna kallo. Ya rubuta wai shaguna zai gina, wai ai gidan Nasara ne.

Gidan Nasara? Bature ya kwana a ciki, gaskiya ne. Amma kai ka gaya mana kakanmu na cikin waɗanda aka tilasta wa ɗauko katakon a ka, daga bakin kogi har kan tudun Lokoja, kuma har ya rasu wuyansa bai miƙe ba. Da Turawa suka tafi, da gumin kafintancinka ka mallaki gidan.

Na tuna ranar da ka shigar da ni ƙarƙashinsa, tsakanin ginshiƙan ƙarfen da suka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Ka nuna mini lambar da aka sassaƙa wa kowane katako tun daga ƙasar Turawa, da yadda aka sarƙa wannan cikin wancan da turken itace, babu ƙusa. Ka ce, "Taɓa ka ji, Habu. Haka ake haɗa katako." A nan na fara koyon sana'ar da nake ci da ita.

Yanzu mai gidan burodi ne ke hura wuta da shi.

Tun kafin a rushe na roƙi Yaya ya jira ni wata biyu. Na nemi izinin tafiya a wajen kafil, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, kullum sai ya ce "bukura", wato gobe, har aka gama ɓarnar. Ina fushi da su duka. Ina fushi da kaina ma: shekara shida ina yi wa wasu ƙofofi a nan, namu rufin na yoyo, ban taɓa zuwa na gyara ba.

Kwana tara ban ɗaga wayarsa ba. Na san ba ka son gaba tsakanin 'ya'yanka. Zan kira shi, Babana, amma ba yau ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Ni kuma Ya riƙe mini harshena, kada in faɗa wa ɗan'uwana abin da ba zai goge ba.

Ɗanka,
Habu Kafinta