'Yargata Tana Kallon Daji

Kafin ku miƙe ƙafa, jikokina, ku cinko mini wannan. Ruwa ya haife shi, rana ta yi goyonsa, in ya koma wurin uwarsa sai ya mutu. Ba igiya ba ne, ba shi da bakin kira, amma yana jawo mai ƙafa huɗu daga bayan duwatsu. Mene ne? Ku riƙe shi a kumatu tukuna, ga takardar da kamiyo, babbar motar Nasara, ya kawo mini daga arewa.

Kaka Tata, ki taimake ni, kaina ya ɗaure, wata kuma sai raguwa yake yi.

Ni mutuniyar Abzin ce, na haura arba'in, 'ya'yana duk sun yi gidajensu. Akawun sansanin Nasara ne ke rubuta mini, in kin ga kuskure nasa ne. Shekarar da aka jefa ƙuri'ar i ko a'a, mijina Ghissa ya tafi fatauci Kano. Ayari ya dawo babu shi, sai saƙon saki da turmin baƙin yadi. Ban yi kuka a gaban kowa ba. A wurinmu bukka ta mace ce, sai na kwance tabarmina na ɗora wa jakuna, na kora awakina. Ɗiyata ta ce in zo Iferwan in zauna ina jijjiga jikoki, na ce tukuna, ƙafata ba ta gaji ba.

Na sauka a filin Arlit, inda babu komai sai rijiya da tantunan Nasara masu neman wani dutse. Suna yawo da akwati mai kuka kamar gyare, inda ya yi kuka sai su haƙa. Na kafa bukkata gefe, ina sayar wa leburori da shoferori shayi da cuku. Tsohon karen farautar Ghissa, da dangin mijina suka ɗaure, ya ciji igiya ya biyo sawuna. Mutanen Damagaram da ke aiki nan suna tsaki in sun gan shi, amma shayin ba su bari ba.

Wata rana wani shofer, Alhassane, ya zo da 'yar barewa cikin rigarsa, cibiyarta ko bushewa ba ta yi ba. Shi ya harbe uwar daga kan mota, haka shoferorin suke yi in sun fita. Ya ajiye ta gabana bai iya duban idona ba. Da tsumma na riƙa ɗiga mata nonon akuya. Na yi zaton karen zai cinye ta, shi da ya tsufa a kan kamun barewa, sai ga shi yana lashe mata kunne. Tare suke kwana, tare suke raka ni rijiya. Na sa mata suna 'Yargata. Kaka, ba na jin kunyar faɗa miki, da su biyun nan na koyi yin dariya kuma. Da safe ita ke tura ni da goshi in tashi, in na yi zugum ta cinye mini bakin zane. Ba ta da abin so kamar ta lashi tafin hannuna in na gama yin cuku.

To yanzu ta girma. Tun da ruwa ya sauka take tsayawa bakin sansani tana kallon yamma, inda 'yan'uwanta ke wucewa. Na ɗaure ta, ta daina cin abinci, igiya ta cinye mata gashin wuya. Ba na iya sakinta, don ba ta san tsoron mota ba. In ta ji kukan kamiyo sai ta nufe shi da gudu, zatonta dabino aka kawo mata, su kuwa da bindiga a cinya suke tafiya. Ga shi babban Nasaran sansani ya ce matar kumandan a Agadas tana son barewa a lambunta, akwai katanga, akwai ciyawa, ba mai taɓa ta. In wata ya mutu kamiyo zai tashi, ya ce in ba shi amsa kafin nan. Alhassane kullum yana nan zaune yana shan shayi har kofi na uku, bai ce in bayar ba, bai ce in hana ba.

In na ba da ita ta rayu, amma ba zan ƙara ganinta ba. In na riƙe ta, tana ramewa a hannuna. In na sake ta, ni na kashe ta. Wanne zan yi?

Mai Barewa, daga rijiyar Arlit.

'Yar nan, bari in fara da gaishe ki. Mace a aiko mata da saki cikin kayan ayari, ta naɗe ɗakinta kamar tabarmar salla, ta je inda ko ƙuda sai ya yi guzuri, ta kafa murhu? Ni da nake zaune Agadas, in zan je kasuwa sai na yi sallama da maƙwabta. Kuma ki ba karen nan cuku a madadina. An raba aure, ya duba ya ga inda mutunci ya nufa, ya bi. Alƙalai da yawa ba su kai shi ba.

Yanzu ga magana. Ba zan ɓata lambun kumandan ba, na leƙa shi ta kan katanga, kore shar, kuma harsashi ba ya shiga. Wannan gaskiya ce, kada ki raina ta. Sai dai matar kumandan baƙuwa ce, yau tana nan, gobe an ɗauke mijin. Ga shi ana ta raɗe-raɗin Nasara dukansu sun kusa naɗe kaya. Ranar da ta hau jirgi, wa zai gaji 'Yargata? Kuku ne, kuma kuku ba da idon uwa yake kallon barewa ba. Ki ce wa Nasaran kin gode, ki haɗa masa da cuku mai kyau ya kai wa madam, kada ya tafi da hannu wofi ya riƙe ki a ciki.

Igiya kuwa, kin ga aikinta da idonki. Ba ki goye ta don ta mutu a turke ba. Ke ma da aka ce ki zauna Iferwan, me kika ce? Ƙafarki ba ta gaji ba. To ita nata huɗu ne.

Tsoronki na mota shi ne abin dubawa, kuma maganinsa yana kan murhunki. Masu bindigar nan ba aljanu ba ne, su ne ke durƙusawa gabanki kullum suna miƙo kofi. Ki sami jan ƙyalle, ja wur, ki ɗaura mata a wuya sakwa-sakwa, yadda in ƙaya ta kama zai zame. Ban da ƙararrawa, kada ki buga wa dila gangar cin abinci. Sa'an nan ki zaga da ita gaban kowane shofer, ya gan ta, ya ba ta dabino da hannunsa, ki gaya masa a fili: wanda ya ɗaga bindiga kan mai jan wuya, ya nemi mai dafa masa shayi a Tamanrasat. Mutum yana jin nauyin harbin abin da ya ci a tafinsa.

Alhassane ki ɗora masa wannan aiki. Shi ya mai da ita marainiya, shi zai bi 'yan'uwansa ɗaya ɗaya. Kuma ni dai tsohuwa ce, lekol ɗina, wato makaranta, bai wuce koyon baƙi ba, amma namijin da ke zama har kofi na uku bai ce uffan ba, ba barewa yake kallo ba. Ki bar shi ya yi ta zama. Ba gaggawa kike yi ba, bukka taki ce.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ba abin da zai same ta ba. Daji daji ne. Wataƙila ta yi nisa ki daɗe ba ki gan ta ba, kuma ranar farko za ki ji zafi, ki rungumi karenki ki yi kukan da kika hana Ghissa. Amma kin gaya mini asirin da kanki ba ki lura ba. Me take lasa a tafinki in kin gama cuku? Ki aika garin Tagidda a sayo miki guntun kantu, ki kafa shi kan dutse bayan bukka, wuri ɗaya kullum, kada ya ƙare. Malam mijina, Allah ya ji ƙansa, ban taɓa ɗaure shi ba, miyata ce ke dawo da shi daga Bilma. Wata safiya za ki fito ki tarar da ita tana lasa, kuma ina kyautata zaton ba ita kaɗai ba. In ta zo da ƙarama, kin ga kin sami jikar da ba sai kin jijjiga ba.

Allah ya tsare miki ita, ya ƙara wa tsohon kare kwana, ya sa albarka a butar shayinki.

Ku kuma masu kumatu a cike, ku haɗiye. Gishiri ne.